A Daina Barin Majinyata da Rami a Ka Bayan Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu da hukumomin lafiya kan wasu marasa lafiya da ba kasafai ake jin ɗuriyarsu ba, wato mutanen da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa, aka cire wani ɓangare na ƙoƙon kansu don a ceci ransu, sannan aka sallame su suka koma gida ba tare da an mayar da abin da aka cire ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake kwantar da irin waɗannan majinyata kafin in yi ritaya, kuma abin da aikin ya tabbatar mini shi ne, mayar da ƙoƙon kai rabin maganin ne, don haka duk wanda aka sallama babu ranar da za a yi masa wannan aiki na biyu, ba a gama yi masa magani ba.

Mutane da dama kan tambaya, me ya sa tun farko likita zai cire wa mutum ƙashin kai ya ƙi mayarwa? Ƙoƙon kan babban mutum a rufe yake ruf, ba ya miƙewa ko kaɗan, kuma abubuwa uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa, da jinin da ke zagayawa cikinta, da wani ruwa garai-garai da take ciki. Tun a 1783 wani likita a birnin Edinbara mai suna Alexander Monro ya bayyana cewa idan ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin ƙoƙon ya ƙaru, dole sauran su matsu, kuma a 1824 George Kellie ya ƙarfafa wannan bayani. Idan mutum ya bugu a ka a haɗarin babur ko mota, ko aka sare shi, ko aka harbe shi, ko wata babbar jijiyar jini ta toshe a kansa, ƙwaƙwalwa tana kumbura kamar yadda kowace gaɓa ke kumbura in ta ji rauni, sai dai ita ba ta da wurin zuwa. Matsin yakan hana jini shiga, daga ƙarshe ya tura ƙwaƙwalwar ƙasa ta danne sashen da ke kula da numfashi, kuma daga nan sai rasuwa. Domin a hana haka ne likita ke yanke faffaɗan ƙashi daga gefen kai, wanda ake so ya kai santimita 12 a faɗi da 15 a tsawo, ya buɗe tantanin nan mai kauri da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, sannan ya ɗinke fatar kai kawai, ya bar wa kumburin wurin da zai bi.

Wannan ya bambanta da tiyatar da aka shirya mata, irin ta cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, inda akan mayar da ƙashin a ranar, a ɗaure shi da ƙananan faranti da kusoshi na wani ƙarfe mai suna titaniyom, ko da waya, ko da zare mai ƙarfi. Maganata a kan waɗanda kumburi ya hana a mayar musu ne. Cewa aikin yana ceton rai kuwa babu tantama. Wani bincike da likitocin Jami'ar Kembirij ta Ingila suka jagoranta, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, ya bi majinyata 408 da suka ji mummunan rauni a ka, matsin cikin kansu ya ƙi sauka da magani. Bayan wata shida, kimanin kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka cire wa ƙashi ne suka rasu, alhali a cikin waɗanda aka ci gaba da ba su magani adadin ya kai kusan kashi 49 cikin 100. Amma binciken bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun tashi da naƙasa mai bukatar doguwar kulawa. A nan ne mu a Najeriya muke da giɓi, saboda mun fi ƙwarewa a daren da aka kawo mutum cikin jini fiye da watannin da ke biyo baya.

Bari in bayyana yadda kan irin wannan majinyaci yake, don waɗanda ba su taɓa gani ba. A makonnin farko wurin yakan yi tudu saboda kumburi. Da kumburin ya sace, sai fatar ta lotsa ciki ta zama rami, kuma idan ka zuba ido za ka ga tana motsi tare da bugun zuciya kamar maɗigar jariri. In ya kwanta ramin ya ɗan cika, in ya tashi zaune ya ƙara zurfi. Tsakanin ƙwaƙwalwarsa da duniya babu komai sai fata da tantani, ta yadda ƙofar ɗaki mai gajeren tsayi, ko gwiwar hannun wani a cikin motar haya, ko faɗuwa a banɗaki, kowanne zai iya zama ajalinsa.

Haɗarin buguwa kowa yana gane shi. Abin da iyalai ba su sani ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ramin da kansa yana iya zama ciwo. Nauyin iskar da ke kewaye da mu, wanda ƙoƙon kai ke tare mana ba mu sani ba, yana danna fatar da ta lotsa, ita kuma ta danna ƙwaƙwalwa, sai zagayawar jini da ta ruwan ƙwaƙwalwa su rikice. Likitoci biyu a Amurka, Grant da Norcross, sun bayyana alamomin wannan matsala a 1939, kuma a 1977 wasu likitocin Japan, Yamaura da Makino, suka yi ƙarin bayani kan yadda lotsawar fatar ke haddasa raunin gaɓoɓi. Mutum zai fara samun sauƙi, yana tafiya, yana magana, sai bayan wasu makonni ko watanni a ga yana komawa baya: ciwon kai da jiri da kan tsananta in ya miƙe tsaye, kasala, mantuwa, saurin fushi, nauyin baki, hannun da ya fara riƙe cokali ya sake sakewa. A gidajenmu da an ga haka sai a fara zancen iska ko sammu, a kwashi mutum a kai shi wurin mai magani, wani lokaci ma har wanzami ya kafa masa ƙaho ko ya yi masa tsaga a kusa da wurin, abin da kan iya shigar da ƙwayoyin cuta kai-tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Alhali na sha ganin wanda aka rufe wa ramin ya fara dawowa hayyacinsa cikin 'yan kwanaki, har masu jinyarsa su riƙa mamakin cewa ashe ƙashi ne ya rage. Ba kowa ke samun irin wannan saurin sauƙi ba, domin raunin asali yana nan, amma waɗanda ke samu sun isa hujja.

To da me ake rufe ramin? Zaɓi na farko, kuma mafi arha, shi ne ƙashin mutumin da aka cire, idan bai farfashe ba kuma bai gurɓata da ƙasa ko gashi ba. Ana adana shi ta hanya biyu. Ko dai a naɗe shi cikin tsafta a sa a firiza ta musamman mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko kuma likita ya tsaga fatar cikin majinyacin ya cusa ƙashin a ƙarƙashinta, saman naman ciki, ya ɗinke. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, hanya ta biyu tana da hikima, domin ƙashin yana tare da mai shi duk inda aka kai shi, ba ya ɓata, ba a kuma musanya shi da na wani. Sai dai tana da nata aibun: ƙarin rauni ne a jiki, wurin yana iya yin mugunya, kuma jiki yakan riƙa cin ƙashin a hankali, don haka in an daɗe sai a tarar ya ƙanƙance bai cika ramin ba. Akwai kuma wata matsala da ba ta cikin littattafan likitanci. Na taɓa ganin dangi sun tayar da hankali a bakin ɗakin jinya, sun ga ɗinki a cikin ɗansu alhali kai aka ce za a yi wa aiki, suka kafe cewa ƙodarsa aka sace. Sai da aka kama hannun mahaifin aka ɗora a wurin, ya ji tauri da lanƙwasar ƙashin a ƙarƙashin fata, sannan ya sauko. Laifin ba nasu ba ne, domin babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa.

Misalin da yawancin masu karatu za su gane shi ne na Malala Yousafzai, yarinyar nan 'yar Pakistan da ta zo Abuja a 2014 kan batun 'yan matan Chibok. Ranar 9 ga Oktoba, 2012 'yan Taliban suka harbe ta a ka a yankin Swat tana da shekara 15. A asibitin sojoji na Peshawar wani likita, Kanar Junaid Khan, ya cire wani ɓangare na ƙoƙon kanta ta gefen hagu saboda kumburi, aka adana ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinta. Daga baya aka kai ta Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Birmingham a Ingila, inda a ranar 2 ga Fabrairu, 2013 aka yi mata aikin kusan awa biyar, aka rufe ramin da farantin titaniyom da aka ƙera daidai da kanta maimakon ƙashin da aka adana, aka kuma dasa mata na'urar ji a kunnen hagu. A watan Maris ta koma makaranta, a watan Yuli ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin lura a nan shi ne tazarar: ƙasa da wata huɗu tsakanin cirewa da rufewa, kuma babu wanda ya ɗauki aikin na biyu a matsayin abin da iyayenta za su yi in sun samu hali.

Idan ƙashin mutum ba zai yi amfani ba, sai a koma ga abin da aka ƙera. Neman abin toshe ramin kai tsohon al'amari ne, domin wani likitan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Ibrahim bin Abdullah, ya rubuta a 1505 yadda ake yin sa da ƙashin akuya ko na kare, amma yaƙe-yaƙen duniya biyu, da suka bar dubban sojoji da ramuka a ka, su suka kawo ci gaban da ake mora yanzu. Tun shekarun 1940 ake amfani da akirilik, wanda ma'aikata suka fi kira simintin ƙashi. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, yana da wari mai hawa kai, kuma likita yana da 'yan mintuna ne kawai ya mulmula shi da hannu daidai da ramin kafin ya daskare. Yayin da yake daskarewa yana yin zafi sosai, shi ya sa ake ta kwarara masa ruwan gishiri mai sanyi, ko a ɗaga shi daga kan majinyacin har ya huce, don kada ya ƙona abin da ke ƙarƙashinsa. Yana da arha kuma yana aiki, sai dai kyawun siffarsa ya dogara da hannun likita, musamman a goshi da gefen ido inda ɗan bambanci kaɗan ke fitowa fili.

Titaniyom kuwa ƙarfe ne mara nauyi, ba ya tsatsa, jiki ba ya ƙin sa, kuma ba ya hana a sa mutum a na'urar ɗaukar hoto mai maganaɗisu. Yakan zo kamar raga, a yanka a lanƙwasa, ko a matsayin faranti da aka riga aka ƙera. Akwai kuma wata roba mai ƙarfi da ake kira PEEK, wadda ake sassaƙawa ko a buga da na'ura daidai da hoton siti-sikan na majinyaci, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, inda kwamfuta ke kwaikwayon lafiyayyen gefen kai ta fitar da siffar gefen da babu. A 2014 likitocin asibitin jami'a na Utrecht a ƙasar Holan sun sanar da cewa sun maye kusan dukkan saman ƙoƙon kan wata mata 'yar shekara 22 da roba da aka buga da irin wannan na'ura, a wani aiki na awa 23. Waɗannan na ƙarshe suna da tsada ƙwarai, daga waje ake odarsu da kuɗin waje, kuma ba su nake nema wa talakan Najeriya ba. Akwai hanya ta tsakiya da likitoci a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka gwada suka ga amfaninta: a yi amfani da hoton siti-sikan a buga mazubi da ƙaramar na'ura mai sauƙin kuɗi, sannan a zuba simintin ƙashi a ciki, ya fito da siffar kan mutumin daidai. Ban ga dalilin da zai hana sashen injiniyanci na jami'a ya haɗa kai da asibitin koyarwar da ke maƙwabtaka da shi su yi wannan ba.

Yara suna da nasu hukuncin dabam, saboda kansu yana girma, faranti kuwa ba ya girma, kuma jikinsu ya fi na manya saurin cinye ƙashin da aka mayar. Shi ya sa likitoci kan tsaga ƙashin kan yaron daga wani wuri gida biyu, su bar rabi a wurinsa su toshe ramin da ɗaya rabin, ko su ɗebo daga haƙarƙari.

Ba zan yaudari kowa cewa aikin ba shi da haɗari ba. Wurin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta har a tilasta cire abin da aka sa a jira wasu watanni, jini yana iya taruwa a ƙarƙashi, farfaɗiya tana iya tasowa, ruwan ƙwaƙwalwa yana iya taruwa har a bukaci sa siririn bututu da zai riƙa kwashe shi daga kai zuwa cikin majinyaci. Saboda haka ne ake jiran kumburi ya sace, ɗinki ya warke sarai, kuma a tabbatar babu wata cuta a jiki. A da akan jira wata uku zuwa shida, yanzu likitoci da yawa sun fi son a yi cikin wata uku idan majinyaci ya shirya, sai dai in an taɓa samun mugunya a wurin, to jiran ya fi haka tsawo. Lokacin da ya dace likita ne zai faɗa. Abin da ba likitan da zai faɗa shi ne a bar mutum shekara biyu ko uku da rami don kawai kuɗi sun ƙare.

Ga masu jinya a gida, kafin ranar aikin ta zo, hular kariya wajibi ce duk lokacin da majinyaci zai miƙe, kuma ko hular kwano ta masu babur aka samu aka yi mata laushi ta ciki yadda ba za ta danna wurin ba, ta fi hula ko rawani nesa ba kusa ba. Kada ya kwanta a kan gefen da aka yi aikin, kada ya hau babur, kada a bar shi shi kaɗai a banɗaki, kada kuma a daina ba shi maganin farfaɗiya don an ga ya kwana biyu bai faɗi ba. Zazzaɓi, ja ko ruwa a bakin ɗinki, amai, barcin da ya wuce kima, ko ramin ya yi zurfi fiye da yadda aka saba gani, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Bayan an rufe ramin ma aiki bai ƙare ba, domin gashin ƙashi da koyon magana da haƙurin iyali su ne ke mayar da mutum kasuwa ko gona, kuma sauƙin yakan ci gaba har fiye da shekara. Wanda ya dawo da saurin fushi ko mantuwa ba rashin tarbiyya ne ya same shi ba, kuma matarsa da 'ya'yansa su ma suna bukatar wanda zai faɗa musu haka.

Malam Edita, ƙwarewar yin wannan aiki akwai ta a ƙasar nan. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma a yau ana yin ta a Sakkwato da Kano da Zariya da Abuja, ko da yake likitocin fannin ba su kai 200 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da bibiya. Yawancin waɗanda ke jin irin wannan rauni matasa ne masu neman na kansu, hannu baka hannu ƙwarya, kuma kafin a sallame su daga aikin farko an sayar da babur, an jinginar da gona, 'yan uwa sun yi karo-karo har sun gaji. Idan aka ce su dawo bayan wata uku da kuɗin hoto da na faranti da na tiyata, sai su tafi ke nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar kulawar gaggawa, amma aikin mayar da ƙoƙon kai ba a lissafa shi cikin gaggawa, saboda haka ba wanda doka ta ɗora wa alhakinsa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa kuma ta tanadi asusu domin marasa galihu, amma ɗan acaɓa da manomi, waɗanda suka fi kowa faɗawa wannan hali, su ne suka fi ƙarancin shiga tsarin.

Ina kira ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su ɗauki cire ƙashi da mayar da shi a matsayin aiki ɗaya mai kuɗi ɗaya, ta yadda duk wanda aka biya wa na farko an biya masa na biyu. Asibitoci kuma su buɗe rajista ta musamman mai ɗauke da sunan duk wanda aka cire wa ƙashi, da inda aka adana ƙashin, da lambar wayar mutum biyu daga danginsa, da ranar dawowa, a kuma ɗora wa ma'aikaci guda alhakin kiran wanda bai zo ba. Wannan ba ya cin komai sai littafi da katin waya. Kafin sallama a zaunar da iyali a yi musu bayani da harshen da suke ji, a nuna musu hoton kan ɗan uwansu su ga ramin da idonsu. Attajiranmu da ke biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti, musamman a watan azumi, Allah ya saka musu da alheri, ina roƙon su riƙa tambaya ko akwai masu jiran wannan aiki, domin su ba sa kan gado balle a gan su yayin zagaye, suna gida.

Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon ku tura wakilanku zuwa asibitocin koyarwa na Arewa su yi tambaya biyu: mutum nawa aka cire wa ƙashin kai a bara, kuma mutum nawa daga cikinsu aka mayar wa? Ku buga amsar da kowane asibiti ya bayar, har da wanda ya ce ba shi da lissafin.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Mai karatunku,
Wani tsohon ma'aikacin jinya a sashen tiyata